Yadda Aka Yi Na Zama Ankul Hagu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, kuma ko da na so in manta, yaran unguwar Pantami ba za su bari ba. Har gobe in na ratsa ta wajen filin wasa sai na ji wani ƙato mai gemu ya leƙo daga cikin keke napep ya ƙwala, "Ankul Hagu! Ina wuni!" Ni kuwa sai in ɗaga masa hannu in yi murmushi, don babu yadda na iya. (Ni fa ba bahago ba ne, kada ka yi zaton haka. Da dama nake ci, da dama nake rubutu. Sunan nan ni na jawo wa kaina shi, da hankalina, da takardar shaidar koyarwa a aljihu.)

A lokacin ban daɗe da gama kwalejin ilimi ba. Na yi zaman jiran aiki har na gaji, a shagon Yayana da ke kasuwa, inda yake sayar da kayan roba: bokitai, butoci, bahon wanki. Aikina shi ne in hau tsani in sauko da bokiti, mace ta juya shi ta ƙwanƙwasa ta ce ba wannan kalar take so ba, in sake hawa. Shi kuma Yaya ba ya gajiya da tsokana. Duk wanda ya shigo sai ya nuna ni ya ce, "Ga Baturen gidanmu nan, ku tambaye shi sunan buta da Turanci." Don haka ranar da wata 'yar makarantar kuɗi a Pantami ta ɗauke ni koyar da Turanci a aji huɗu, sai da na tsaya a ƙofar shagon na yi masa jawabi. Na ce ni da bokiti har abada, sai dai in wanka zan yi. Innarmu kuwa kafin la'asar ta gama sanar da unguwarmu Jekadafari kaf cewa ɗanta ya zama malamin Turanci.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, ɗaukar gwaji aka yi min. Mai makarantar wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, tsohuwar malama da ta yi ritaya daga makarantar gwamnati ta buɗe tata. Ba ta da hayaniya ko kaɗan. Tabarau kawai take saukewa kan hanci ta dube ka ta samansa, sai ka ji ka tuna duk laifin da ka yi tun kana firamare. Ta ce min, "Zango ɗaya zan ba ka. In na ga yara suna ganewa, ajin naka ne. In ba haka ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Na ce, "Ranki ya daɗe, ai za ki gani." A zuciyata kuwa cewa nake yi matar nan ba ta san wanda ta samu ba.

Ni a lokacin gani nake ko Turawan ma ya kamata su zauna su saurare ni. Kullum da laktaye ɗaure a wuya, a zafin nan na Gombe da ke sa ƙadangare neman inuwa. Yara suna ce min "Ankul", kamar yadda ake kiran malamai maza a makarantun kuɗi, ni kuma ina jin sunan har cikin ƙashina.

Ana nan muka iso darasin kwatanta yadda ake aikata abu: wane yana gudu da sauri, wane ya fi shi, wane ya fi kowa. Da Hausa abin ba wuya, kalmar "fi" kaɗai ta ishe ka ka kwatanta duniya da abin da ke cikinta. Amma Bature sai da ya raba abin gida-gida. Wasu kalmomin a yi musu jela: fast, faster, fastest. Wasu a sa musu ɗan rakiya a gaba: slowly, more slowly, most slowly. Wasu kuma su sauya kama gaba ɗaya kamar ba gida ɗaya suka fito ba: well, better, best. Ni kuwa sai na cika allo da su, na ɗauki rula ina nunawa, yara suna rerawa. Kai, in ka ji ajina daga waje sai ka rantse ilimi ne ke zuba. "Fas! Fasta! Fastes!" har bakin titi. Mai sayar da rake a ƙofar makaranta ma ya haddace, yana fere rake yana bi.

Matsalar tana zuwa ne in ka tsayar da yaro shi kaɗai. Sai ya dubi rufi, ya dubi takalminsa, ya dubi abokinsa. Wani ya ce min "more faster", wani ya ce "slowliest", wata yarinya ta ce "weller" da ƙarfin gwiwar da har ni na kusa yarda. 'Yan kaɗan ne a layin gaba suke ganewa, irin waɗanda ake yi wa lesin a gida. Da su nake tafiya. Saura kuwa na ce Allah ya kawo su.

Cikin sauran nan akwai Yagana. Siririya ce mai manyan idanu, tana zama layin baya kusa da taga. Daga Barno suka zo ita da kakarta, lokacin da rikici ya tashe su daga garinsu, suka zauna a unguwar Hammadu Kafi inda kakar ke sana'ar turaren wuta. Yagana ba ta surutu. In ba ta sani ba, kai tsaye za ta ce ba ta sani ba, abin da ni a lokacin nake ɗauka taurin kai ne.

To, ana tsakiyar zango sai Hajiya ta tara mu ta ce za a yi ranar iyaye. Ranar Asabar iyaye za su zo su zauna a cikin aji, kowane malami ya koyar a gabansu. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ajinka zan zauna." Nan take na hango tsanin Yaya yana jirana.

Da aka fita tara, na je gindin darbejiya na zauna na yi tagumi. A nan Malam Buba ya same ni. Shi tsohon malamin lissafi ne, Bafulatani, ya koyar a makarantu har ya manta adadinsu, kuma ba a taɓa ganinsa cikin tashin hankali ba. Yana ɓare gyaɗa ya ce, "Jam, ɗan samari? Na ga kamar an yi maka mutuwa."

Na kwashe labari na faɗa masa. Na ce in na yi tambaya hannuwa ƙalilan ne za su tashi, iyaye za su ga 'ya'yansu sun yi tsuru-tsuru, Hajiya kuma tana zaune.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ayya! Ashe kwalejin nan ba su koya muku komai ba. Matso ka ji. Ka ce wa yara, duk tambayar da ka yi, kowa ya ɗaga hannu. Kowa fa. Wanda ya san amsa ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Kai kuma ka san inda za ka nuna."

Na ce, "Malam Buba, ba za a gane ba?"

"Wa zai gane? Mai kallo hannuwa yake gani a sama, ba ya tambayar na wane ɓari ne. Da wannan muka yi ta sallamar masu duba makarantu tun kana goye."

Wallahi ji na yi kamar in rungume shi. Na ce ashe akwai ilimin da ba a rubuta shi a littafi. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce min, "Kai, wannan fa yaudara ce" ba. Ko kuma ta faɗa, amma a hankali ta faɗa, ni kuma ban tsaya saurara ba.

Satin nan kaf ba mu yi komai ba sai atisayen ɗaga hannu. Yara kuwa abin ya yi musu daɗi, an ba su sirri, sun zama abokan Ankul. Wasu ba su ma tantance dama da hagu ba, sai da na ce, "Hannun da kuke cin tuwo da shi, shi ne na masu sani." Kafin Alhamis ajina ya zama kamar faretin sojoji. Ina yin tambaya, fuu, hannuwa sun tashi.

Ranar Juma'a da aka tashi, Yagana ta tsaya a bakin teburina tana murza gefen hijabinta.

"Ankul, Hajja ta hana ni nuna wa babba hagu."

Hajja ita ce kakarta. Na ce, "Ai ba nunawa za ki yi ba, ɗagawa za ki yi. Sama za ki nuna wa, ba ni ba."

Ta dubi hannunta. Can ta ce, "To."

(Ka riƙe wannan maganar. Ni ban riƙe ta ba, hankalina yana kan kwat ɗin da zan ara.)

Asabar ta zo da zafinta. Na sa kwat ɗin abokina wanda ya fi ni faɗin kafaɗa, na ɗaure laktaye, na fesa turare. Ina shirin fita sai ga Inna ta yafa mayafinta na zuwa biki. Na ce, "Inna, ai ranar iyayen yara ce." Ta ce, "Kai ba ɗa ba ne?" Ba ita kaɗai ba, har da maƙwabciyarta ta ɗauko, wadda ta fi kowa baki a layinmu, don ta zama shaida.

Aji ya cika maƙil. An jera benci a baya, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a taga. Hajiya ta sa kujerarta a bakin ƙofa. Ana gab da farawa sai ƙamshin turaren wuta ya riga mai shi shigowa: wata tsohuwa doguwa cikin lafaya, tana takawa a hankali kamar ƙasar tata ce. Hajja Falmata ke nan, kakar Yagana. Ba ta bi ta kan benci ba. Ta sa aka kawo mata kujera ta zauna daidai bayan jikarta. Na tabbata ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta sani ba, don haka ban sa ta cikin lissafina ba.

Na fara. Jama'a, ban taɓa koyarwa irin ta ranar ba. Na tambaya da Turanci wa zai kwatanta min fast. Fuu! Hannuwa suka miƙe gaba ɗaya kamar karan dawa a gona. Na ji iyaye sun ɗauka, "Masha Allah!" Na zaɓi wani mai dama a layin gaba, ya zuba amsa tsaf. Na tambayi slowly, hannuwa suka sake tashi, na sake zaɓar mai dama. Na tambayi early, na tambayi loudly. Ba a kuskure ko ɗaya ba. Wani uba a taga ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Ta wutsiyar ido na ga Inna tana zungurin maƙwabciyarta da gwiwar hannu. Hajiya ma ta cire tabarau tana gogewa, abin da na fassara da cewa ta sallama.

Da a nan na tsaya, da yau wani labarin nake ba ka. Lokacina ya ƙare, saura in ce yara su tafa wa kansu a tashi. Amma daɗi ya ɗebe ni. Na goya hannu a baya na fara zagaya aji, ina takawa kamar gwamna ya zo duba aiki. Na ce bari in rufe da mai wuyar, in nuna musu ajina ba na wasa ba ne. Na tambayi well, ina tafiya, ina tafiya, har ƙafata ta kai ni layin baya. Na tsaya daidai kan Yagana. Ita kuma baiwar Allah ta miƙe hannun hagunta sosai, yatsunta sun kusa taɓa hancina.

"Kai!"

Sai da na zabura. Hajja ce. (Hausar Hajja ta Barno ce, a wurinta mace da namiji duk "kai" ne.)

"Kai Yagana! Tun ɗazu ina kallonka, ina cewa zai gyara, zai gyara. Wane hannu ne wannan? Malaminka yana tsaye a kanka kana miƙa masa hagu? A gaban mutane? Haka na koya maka?"

Na yi sauri na ce, "Hajja, ba komai, ai yarinya ce, bari mu ci gaba..."

"A'a, Malam. Kai ka yi haƙuri, ni ba zan yi ba. So kake a ce 'yan gudun hijira ba su da tarbiyya? Gida muka bari, gona muka bari, ba mu bar ladabi a can ba. Yagana, sauke wannan. Ɗaga dama ka ba Malam haƙuri."

Duk aji ya juyo. Yagana idanunta sun cika da ƙwalla, amma hannun yana nan a sama. Ta dube ni, ta dubi kakarta. Ni kuwa ina ta yi mata ido, ina roƙon Allah a zuci ya sa ta ɗaga daman kawai a wuce wurin. Ai ba zan kira ta ba!

Ta ce, "Hajja, ba zan iya ɗaga dama ba."

"Ciwo yake yi?"

"A'a. Ban san amsar ba ne. Ankul ya ce wanda bai sani ba ya ɗaga hagu don kada ya kira shi. Dama ta masu sani ce."

Ka taɓa jin shirun da har kana jin mai rake yana fere rake a waje? Shi aka yi. Gumi ya karyo min daga ƙeya, ya bi ta cikin kwat ɗin aro har ƙugu. Laktayen nan ji na yi yana ƙara matsewa da kansa. Na dubi taga ko zan ga Malam Buba, wanda ɗazu yake tsaye yana gyaɗa min kai. Ko ƙurarsa babu.

Sai muryar Hajiya, a hankali kamar kullum: "Kada wanda ya sauke hannunsa."

Ta mai da tabarau, ta miƙe, ta fara bin layi-layi. Iyaye kuwa kowa ya miƙa wuya yana neman hannun ɗansa. Uban nan mai ɗaukar bidiyo ya sauke waya ya ce, "Abba! Kai ma hagu ne?" Wani yaro ya fara sauya hannu a hankali, a hankali, sai uwarsa ta ce daga benci, "Na gan ka, mayar!" Wani don gudun rigima ya ɗaga duka biyun. In ka cire layin gaba, ajina kaf hagu ne, sai ɗaiɗaiku. Ni kaina ban san yawansu ya kai haka ba, don duk satin nan dama kawai nake nema da ido.

Can wata 'yar ƙarama ta ce, "Ankul, hannunmu ya gaji. Mu sauke, ko wasan bai ƙare ba?"

Nan dariya ta fashe. Ba irin dariyar da ake yi da kai ba, irin wadda ake yi maka. Hajja kaɗai ce ba ta yi ba. Ta dube ni daga laktaye har takalmi ta ce, "To Malam, ashe kai ka sa shi. Yaro bai sani ba, maimakon ka koya masa sai ka koya masa hagu?"

Na buɗe baki. Ni da na yi shekaru ina karatun Turanci, ni da Hausa ce harshen uwata, a cikin harsuna biyun nan abin da ya fito daga bakina shi ne, "Tank yu." Wallahi tank yu na ce mata. Har yau ban san godiyar me na yi ba.

Muka shiga keke za mu koma gida. Maƙwabciyar Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗarta tana rawa. Sai da muka shiga Jekadafari Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni dai da dama na yaye ka." Ba ta ƙara ba. Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Yaya ya kira ni a waya, muryarsa cike da tausayin ƙarya, ya ce kada in damu, tsani yana nan inda na bar shi, kuma an kawo sababbin bokitai.

Ranar Litinin na je makaranta ba kwat ba laktaye, don na san sallama zan karɓa. Malam Buba na hango ni ya shige ajinsa ya dage da koyar da lissafi kamar ransa ya dogara da shi. Hajiya ta aiko a kira ni ofis. Ina shiga na tarar da Hajja zaune, ofishin ya cika da ƙamshi. Na durƙusa na gaishe su, na ce yau kashina ya bushe.

Hajiya ta ce, "Ka zaci ban san dabarar nan ba? Ta girme ka. Tun hannu na farko na gane, shiru na yi in ga iya gudunka." Ta cire tabarau ta ajiye. "Ba ita ce ta fi ɓata min rai ba. Ka samo hanyar sanin duk yaron da bai gane ba, ɗaya bayan ɗaya. Sati guda suna ɗaga maka hannu suna cewa ba su sani ba. Me ka yi musu?"

Na sunkuyar da kai. Wannan ta fi dariyar ranar Asabar zafi, don babu abin da na yi musu sai tsallake su.

Hajiya ta ce ita ta gama yanke shawarar sallamata, Hajja ce ta yi sammako ta hana. Na ɗago da mamaki. Hajja ta ce, "Ba don ina sonka ba ne. In ka tafi, wa zai gyara? Kai ka sa jikana ya ɗaga hagu, kai za ka sa ya ɗaga dama. Ba ka zuwa ko'ina sai ka yi." Hajiya ta ce ina da sauran zango. Za ta shigo ajina ranar da ta ga dama, ba sanarwa, kuma ita za ta nuna wanda zai amsa.

To, a nan ne na fara koyarwa. Na goge allon nan da na cika, na kwashi yara muka fita fili. Na sa uku su yi tsere, sauran su faɗi wa ya yi gudu, wa ya fi shi, wa ya fi kowa. Na sa su tafiyar hawainiya, wanda ya zo ƙarshe shi ya ci. Muka yi gasar raɗa da gasar ihu har malamin aji uku ya kawo ƙara. Muka yi gasar share aji don a ga wa ya yi da kyau, wa ya fi, wa ya fi kowa. (Wannan ribar biyu ce, ajina bai taɓa tsafta irin ta lokacin ba.) Na kwashe layin gaba na mai da su baya, na baya suka dawo gaba. Kuma na kafa doka: wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, na dama, ni kuma wurinsa zan fara zuwa. Sai ga shi Yagana da nake cewa taurin kai gare ta, ita ta fi kowa tambaya, kuma a tsere ko maza ba sa ganin ƙurarta.

Ba zan ce maka kowa ya zama Bature ba. Abba har aka gama zango yana cewa "more better", kuma na ji har yanzu yana faɗa, ga shi da shagon waya.

Wata Laraba ana gab da jarrabawa, ina tsakiyar darasi, sai ƙamshin turaren wuta ya shigo. Hajiya ce a gaba, Hajja na biye tana takawa a hankali. Babu kwat, babu atisaye, hannuna duk alli. Hajiya ta karɓi ajin. Ta nuna wannan, ta nuna wancan, wasu suka ci, wasu suka yi tuntuɓe suka gyara. Sannan ta ce wa zai ba ta jimla uku da slowly, daga kansa, ba daga allo ba.

Hannuwa suka tashi, ba duka ba. Ban taɓa jin daɗin ganin hannuwa ba duka ba sai ranar. A cikinsu akwai na Yagana. Na duba, na sake dubawa, har na juya baya na gwada da nawa don in tabbatar. Dama ce.

Ta miƙe ta ce, "Ankul walks slowly. Hajiya walks more slowly. Hajja walks most slowly."

Aji ya kwashe da dariya, Hajiya ma sai da ta rufe baki. Hajja ta ji sunanta ta ce, "Me ya ce a kaina?" Hajiya ta ce, "Cewa ta yi kin fi kowa tafiya a hankali."

"Daidai ya faɗa?"

"Daidai, babu kuskure."

Hajja ta gyara lafayarta ta ce, "To. Gaskiya ya faɗa, kuma da dama ya faɗa." Ta juyo gare ni. "Malam, yanzu in kana so ka tafi."

Hajiya ta ce, "Ba inda za shi. Ajinsa ne."

Na so in yi jawabi, amma na tuna abin da bakina ya yi min a baya, sai na ce, "Na gode," da Hausa, kuma wannan karon na san godiyar me nake yi. Da yamma na biya ta kasuwa, na sayi bokiti a shagon Yaya, na sa shi ya hau tsanin da kansa ya sauko min da shi, na ƙwanƙwasa na ce ba wannan kalar nake so ba.

Ina makarantar har yau, kuma ina jin daɗin aikina. Malam Buba ya yi ritaya, in mun haɗu a masallaci sai ya ce shi fa bai ce in je layin baya ba. Yagana ta girma, tana karatun koyarwa. Sunan ne dai ya ƙi barina, yaran da ba a haifa ba lokacin ma Ankul Hagu suke ce min, wasu iyayen sun zaci sunan mahaifina ne.

Duk sabon malamin da ya zo yana rawar jiki kafin ranar iyaye, nakan ja shi gindin darbejiya in ba shi shawara kyauta. Nakan ce ya koya wa yaran kawai, ya fi sauƙi. In kuwa ya nace sai ya haɗa baki da su, to ya fara bincikawa tukuna, ko a cikinsu akwai mai kaka.